Gurbin Sunan Ɗan Fari

Munzali yana tsaye gaban injin kwafi a shagon Malam Nu'uman da ke Birnin Kudu, hantsi ya ɗaga, ruwan da aka yi bai gama tsanewa daga kan titi ba, sai wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce, Inna Kulu, daga Dingaya. Ba ta saba kiransa ba. Ko saƙo gare ta, ƙanwarsa Safiyatu take bai wa ta isar.

"Kai ne?" ta ce.

"Ni ne, Inna. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Yaron Safiyatu ne ba lafiya. Zazzaɓi, har da jijjiga. Ga mu nan za mu kawo shi asibiti wajenku."

"Subhanallahi. Ba a ba shi maganin damina ba? Ai mu muka buga katinan a nan."

"Masu rabon sun zo sun wuce ta ƙofar gidan. Sun ce babu shi a ciki."

"Ba a rubuta shi ba ne tun farko?"

"An rubuta. Ita kaɗai masu rubutun suka tarar, mijinta Sabo yana gona. Ta ce musu namiji ne, ta faɗi shekarunsa. Da suka ce suna, ta yi shiru. To me za ta ce musu? Ɗan fari ne fa."

Injin ya ci gaba da tofo takardu suna zuba a ƙasa, Munzali bai sunkuya ya kwashe ba. Ya tuna wasu layuka biyu da ya sa a cikin aikinsa, ya tuna kuma irin godiyar da ya yi wa wanda ya ba shi su.

Shi kansa ɗan fari ne. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa Dada, a ɗakinta ya tashi, ita ke masa wanka, ita ke cusa masa ɗumame da safe tana cewa maigidanta ya fi kowa rowa. Ɗakin Inna Kulu yana kallon nasu, tsakar gida ɗaya, amma tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Ɗan Dada" take ce masa, in kuma a gaban baƙi ne, "wancan". Ranar da ya faɗo daga kan tsamiya ya karye a hannu, matan gidan duk suka yo kansa, ita kuwa ta ci gaba da surfen geronta, ba ta ko ɗago ba. Sai da ya girma Dada ta gaya masa cewa ranar har hatsin ya zama gari a turmi ba ta san tana daka ba. Bai taɓa riƙe ta a zuciya ba. Haka ya ga ana yi a gidansu da gidan maƙwabta, kuma macen da ta kama sunan ɗanta na fari a bainar jama'a, sai an daɗe ana zancenta a bakin rijiya.

Mahaifinsa Ɗanladi manomi ne, gero da dawa da ɗan riɗi. Shi ya nace sai yaron ya yi boko. Munzali ya yi sakandare a Gwaram, ya wuce jami'a a Kano ya karanta labarin ƙasa, ya yi bautar ƙasa, ya dawo da takarda a cikin leda. Duk wanda ya gama jami'a ya dawo gida a shekarun nan ya san irin wannan zaman: a gaishe ka da "Malam" da safe, da yamma ka ji ana tambayar juna wai me yake yi ne har yanzu. Kafin ya samu abin yi Dada ta rasu. Da zaman ya ishe shi ya tattara ya koma Birnin Kudu, Malam Nu'uman ya ɗauke shi yana buga wa mutane takardu yana yi musu kwafi.

A nan ya fara koyon yaren kwamfuta. Babu malami. Bidiyo yake saukewa a waya idan ya samu data, ya kalla, ya gwada a tsohuwar kwamfutar shagon lokacin da babu kwastoma. Ranar da ya fara sa ta ta gaishe shi da sunansa a kan allo, ya daɗe yana kallo yana murmushi shi kaɗai. Direbobin hanyar Gwaram da ke zuwa cajin waya suka laƙaba masa Injiniya, suna yi suna dariya, shi kuma yana amsawa, don a ransa yana fatan wata rana sunan ya zama gaskiya. Mutum ne mai sanyin magana, mai yawan gaisuwa. Ko wajen mai shayi ya je sai ya tambayi iyali.

Da damina ta ƙarato, wata ƙungiya mai raba wa ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ta zo yin aiki a wasu mazaɓu, har da Zandam da Dingaya da Yalwan Damai. Ma'aikatanta sun bi gida-gida sun ɗauki bayanan yara a waya. Abin da ya rage shi ne a buga wa kowane yaro kati da sunansa, don ƙungiyar ta sha ganin maganinta a kasuwa, ta kafa doka cewa babu kati, babu magani. Malam Nu'uman ya karɓo aikin buga katinan. Da suka tambaye shi ko yana da wanda zai iya ciro sunayen daga cikin bayanan, ya bugi ƙirji ya ce yana da injiniya a shago.

Munzali ya ɗauka zai ga abin a jere, layi bayan layi, kamar rajistar aji. Da ya buɗe sai ya ga abu cikin abu, kamar saitin kwanukan samira, babba ya haɗiye mai bi masa. Ka buɗe mazaɓa ka tarar da ƙauyuka, ka buɗe ƙauye ka tarar da gidaje, a cikin gida iyaye mata, a ƙarƙashin kowace uwa 'ya'yanta, kowane yaro da ɗan akwatinsa mai ɗauke da suna da shekaru da ko namiji ne ko mace. Ya sha wuya kafin ya rubuta umarnin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga har ciki ya ɗauko suna ya ɗora a kati. Ya sa shi aiki, sunaye suka fara zubowa, har ya miƙe tsaye don murna. Sai abin ya cije a wani gida a Zandam, jan rubutu ya cika allo. Ma'anarsa ita ce an zo ɗaukar suna, an tarar babu.

Ya juya, ya sake, ya kashe kwamfutar ya kunna. Nan dai take tsayawa. Malam Nu'uman yana leƙowa yana cewa, "Injiniya, motar mutanen nan fa ba za ta jira ka ba. Ko dai a baki ka iya?"

Sai ya kai kukansa wani babban dandali na intanet inda masu wannan sana'a daga ko'ina a duniya suke tambaya ana ba su amsa. Ya rubuta da Turancinsa, kuma ya fara yadda aka koya masa a fara magana da manya. Ya yi sallama, ya gaishe su, ya ce yana fatan suna lafiya da iyalansu, ya nemi afuwar damun su da zai yi, sannan ya kawo matsalarsa. Kafin ya sha ruwa ya dawo wani ya bi ya goge gaisuwar tas. Wani ya rubuta a ƙasa, "Mu ba surukanka ba ne, faɗi abin da ya kawo ka." Wani ya ce an amsa irin wannan tambayar tun yana goye. Wani kuma ya ce, "Ka ma buɗe wanda ba shi da sunan ka ga abin da ke ciki, ko hannunka ciwo yake?" Daga nan aka rufe tambayar.

Ya koma wani zaure na waya da 'yan ƙasar nan masu koyo suke haɗuwa, yana ganin ko ba komai su 'yan gida ne. Ashe hoton gaisuwarsa ya riga shi isa can. Sun yi ta liƙa fuskokin dariya. Wani ya ce ya manta bai gaida shanun gidan ba. Wani ya ce ya ajiye kwamfuta ya koma bakin tukubar tsire, nan ne ake buƙatarsa. Munzali yana karantawa yana kare wayar da tafin hannu kada direbobin da ke zaune a benci su gani.

Ana cikin haka wani ya biyo shi ta gefe. Ya yi masa magana a hankali, har da "ɗan'uwa". Ya ce kada ya damu da su, kowa da haka ya fara. Ya ce duk bayanan da aka tattaro a waya ba sa rasa shara, wani ma'aikaci ne zai danna bisa kuskure ya bar akwati ba komai. Ya turo masa layi biyu, ya ce ma'anarsu ita ce in an tarar babu suna, a tsallake a yi gaba.

A duk cikinsu mutum ɗaya ne ya gaya masa abin da ya kamata ya yi, wato ya buɗe ya duba, amma da zagi ya faɗa, shi kuwa Munzali ba ya ko son ya sake kallon shafin nan. Ya bi maganar wanda ya girmama shi. Ya liƙa layukan, jan rubutu ya ɓace, katina suka yi ta fitowa har takarda ta ƙare aka ƙaro. Ya rubuta wa mutumin doguwar godiya, ya yi masa addu'a shi da iyayensa. Ranar ya ji ya zama mutum.

Wannan duka ne ya dawo masa a gaban injin kwafi bayan Inna ta kashe waya. Ya zauna ya juya umarnin. Ya ce wa kwamfutar ta nuna masa waɗanda aka tsallake kaɗai. Yana addu'a a ce biyu ne ko uku. Allon ya cika, ya ci gaba da gudu. Ɗaruruwa ne. Kuma babu akwatin da yake fanko. Kowanne da shekarunsa, kowanne an rubuta namiji ko mace, gurbin suna ne kawai babu. Ya lura kusan kowannensu shi ne na farko a ƙarƙashin uwarsa, ko kuma shi kaɗai ne. Ya buɗe Dingaya, ya buɗe gidan Sabo, ya buɗe Safiyatu. Akwati ɗaya ne a ƙarƙashinta: namiji, shekara biyu. Hambali ke nan, yaron da yake kama masa gemu yana ƙyalƙyala dariya duk lokacin da ya je gida.

Ya kuma gane dalilin da ya sa har aka gama rabon babu wanda ya ji ƙorafi. Uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta ba, ba za ta fito ƙofar gida tana jayayya a kansa da baƙin maza ba. An ba ƙannensa, an hana shi, ta koma ɗaki ta yi shiru.

Ya kira Malam Nu'uman ya nuna masa, ya gaya masa duk yadda aka yi. Malam ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya kalli ƙofa.

"Wa ka gaya wa?"

"Babu kowa, Malam. Mu buga musu katin yanzu, a sa sunan uwa a kai. Mu kira mutanen mu faɗa musu."

"Mu? Ni da wa?" Ya rufe kwamfutar ya ɗora hannu a kanta. "Ni na shiga intanet ina gaida Turawa? Ni na goge 'ya'yan mutane?"

"Ba gogewa na yi ba, Malam, tsallakewa..."

"Ka je ka faɗa wa iyayensu haka."

A gabansa ya kira jami'in ƙungiyar. Ya sauya murya ta koma ta mai neman tausayi. Ya ce wani yaro ne ya ɗauka don Allah, ya rantse masa ya iya aiki, ashe ƙarya ce, ga ɓarnar da ya gano yanzu da idonsa. Jami'in ya ce sai an sanar da hedikwata, sai an sake neman izinin fitar da magani, su dai su jira. Malam Nu'uman ya kashe waya, ya miƙa hannu ya karɓi makullin shago, ya ce wa Munzali ya kwashi takalmansa da ke bayan kanta. Direbobi biyu suna zaune a benci suna ji. Kafin azahar maganar ta kama hanyar Gwaram, kuma ba yadda ta fita ta isa ba. Abin da aka ji a tasha shi ne ɗan Ɗanladi ya goge yara a kwamfuta ya sayar da maganinsu.

A kan hanyarsa ta zuwa asibiti ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya ya buɗe zauren nan na waya. Ba faɗa ya je yi ba. Gani yake wani mai koyo zai iya faɗawa ramin da ya faɗa. Wannan karon bai yi gaisuwa ba. Ya bayyana abin da ya faru, ya ce akwatunan ba shara ba ne, yara ne, iyayensu mata ne ba sa faɗin sunan ɗan fari. Amsar farko da ta zo ita ce, "Wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?" Wani ya ce to su fara koya wa matansu magana kafin su koyi kwamfuta. Fuskokin dariya suka sake jeruwa. Ya nemi mutumin da ya kira shi ɗan'uwa. Shi kuma ya rubuto, "Ni layi biyu na ba ka, ban ba ka yara ba." Daga nan saƙon Munzali bai ƙara shiga ba.

Ya tarar da su a barandar ɗakin yara. An riga an shiga da Hambali. Inna Kulu tana zaune a kan tabarma da carbi. Safiyatu ta koma can ƙarshen barandar ta juya wa mutane baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, don ko a nan ba za a gan ta tana kuka a kan ɗan fari ba. Sabo yana tsaye, wandonsa da taɓon gona har gwiwa. Da can ba ya haɗa ido da Munzali, Yaya yake ce masa, yana rusunawa. Yau ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"A'a, Injiniya ne. Sannu da aiki. Mun ji labari a mota."

"Sabo, ba yadda ka ji ba ne."

"To yaya ne? Yana ciki ko ba ya ciki?"



"Ni ban yi boko ba," in ji Sabo, "amma ko akuya na ƙirga na ga babu ɗaya, sai na leƙa turke." Ya juya wajen matarsa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ke kuma da kunyarki. Ga ta nan, sai ki jiƙa ki ba shi ya sha."

Wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce jinin yaron ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara masa, kuma na uban da aka gwada bai yi daidai ba. Munzali ya matso yana naɗe hannun riga. Sabo ya sha gabansa.

"Ka bar jininka. Ka cire shi a kwamfuta, yanzu ka zo ka ƙarasa?"

Ma'aikaciyar ta ce ita ba ta da lokacin rigimarsu, in akwai mai bayarwa ya biyo ta. Babu wanda ya motsa. Sai Inna Kulu ta ajiye carbi.

"Munzali," ta ce, "tashi ka bi ta."

Tun yana yaro yake tunanin yadda sunan nan zai fito daga bakinta. Ya sha kwatanta shi a ransa, a ranar da zai samu aiki, ko ranar aurensa, ko da a ɓoye ne. Sai ga sunan ya fito a gaban baƙi, babu nauyi babu kunya, yadda take kiran mai tallan manja ya tsaya. Ba ta ko kalle shi ba. Safiyatu ta ɗago da sauri ta dubi uwarsu, Sabo ma ya kauce ya ba shi hanya.

Jininsa ya yi daidai. Aka ɗiba, aka ba shi ruwa ya sha, ya fito da auduga a hannu. Babu wanda ya matsa masa a tabarma, sai ya je ya tsuguna kusa da ƙanwarsa. Can ta yi magana ta cikin mayafi.

"Yaya, da na faɗa musu, ko? Bakina ya buɗe fa. Na ji kamar Inna tana bayana."

Ya so ya ce mata ba laifinta ba ne, ya so ya kwatanta mata akwatin da bai buɗe ba, amma ya rasa ta inda zai fara. Ya ce mata kawai, "Ki yi addu'a."

Wayarsa ta yi ta motsi a aljihu. Lambobin Dingaya ne da Zandam, wasu ya san su, wasu bai sani ba. Bai ɗauka ba. Yana tunanin sauran akwatunan, kowanne da gidansa, kowanne da uwar da ta yi shiru, ga shi ruwa bai ɗauke ba, sauro yana nan.

Da aka kira la'asar likita ya fito ya ce an ɗaura jinin, jijjigar ta lafa, amma yaron bai farfaɗo ba, kuma ba zai iya cewa komai ba sai ya buɗe ido. Ƙungiyar ba ta sake kira ba, ba a san ranar da za a koma da magani ƙauyukan ba, ba a kuma san yara nawa ne suke kwance ba. Inna Kulu ta koma kan carbinta. Munzali yana tsugune a barandar, yana kallon ƙofar ɗakin. Har yanzu Hambali bai farka ba, suna jira.